Bradley Lowery: Ɗan Shekara 6 Da Sunderland Ta Ƙi Mantawa Da Shi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ta hana su saurare, da waɗanda dama sun fi son su karanta a nutse.

Yau ma ƙwallo za mu taɓa, amma ba mu shiga fili ba, a wajen 'yan kallo za mu tsaya. Labarin wani yaro ne ɗan Ingila mai suna Bradley Lowery, mai goyon bayan Sunderland, wanda ya rasu ranar 7 ga Yulin 2017 yana da shekara 6. Wasunku sun taɓa ganin hotonsa ba tare da sun san sunansa ba: ɗan ƙaramin yaro cikin riga mai ratsin ja da fari, yana murmushi, Jermain Defoe na ɗauke da shi a kafaɗa. Idan ka tare mutumin Sunderland yau ka ce ya lissafo maka 'yan wasan da suka buga musu kakar 2016/17, ina kyautata zaton zai yi ta inda-inda kafin ya cika sha ɗaya. Amma ka ce masa Bradley kawai, ba sai ka ƙara da sunan gidansu ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi haka ta faru, da kuma yadda masu kallon ƙwallo a can suke riƙe sunan nasu idan ya tafi.

To sai mun fara da garin, don in ba ka san garin ba, labarin zai zo maka kamar na kowane yaro mara lafiya da aka tausaya wa aka wuce.

Sunderland tana arewa maso gabashin Ingila, a bakin kogin Wear, daidai inda yake faɗawa teku. Abu biyu ne suka raini garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi: ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal. Duka biyun sun mutu. An rufe wuraren ƙera jirage na ƙarshe a 1988, sannan aka rufe babbar mahaƙar kwal ta Wearmouth a 1993. A kan wannan mahaƙar ce aka gina filin wasan ƙungiyar, Stadium of Light, aka buɗe shi a 1997, yanzu kuma yana cin mutum kusan 49,000. A wajen filin har yau akwai wani ƙaton gunkin fitila, irin wadda masu haƙar kwal ke shiga rami da ita. Ka ga ke nan mutumin da yake zaune yana kallon wasa a can, wataƙila a ƙarƙashin kujerarsa kakansa ya yi shekara talatin yana sara kwal. Ƙauyen su Bradley ma, Blackhall Colliery, da ke kudu da Sunderland a bakin teku, sunansa kansa na mahaƙa ne, ita kuma tun 1981 aka rufe ta.

Aiki ya tafi, ƙungiyar ƙwallo ta zauna. An kafa ta tun 1879, ta ci gasar Ingila sau shida, amma na ƙarshe a 1936 ne. Babban kofin da ta ɗaga na ƙarshe shi ne na FA a 1973, lokacin da ta doke Leeds da ci ɗaya mai ban haushi tana rukuni na biyu. Saboda haka babu yaron da zai tashi yau ya zaɓi Sunderland don kofi. Mu nan da yawanmu zaɓa muka yi. Wani Kanu ne ya ja shi Arsenal, wani Mikel ne ya kai shi Chelsea, wani kuma yayansa ne ɗan United sai ya ɗauki Liverpool don a riƙa musu a gida. Ba laifi ba ne, kowa da yadda so ya kama shi. Su kuwa gado suke yi, kamar yadda ake gadon gona ko sana'a. Mafi kusa da wannan a wajenmu shi ne Bakano da Pillars, wanda ko ta faɗi ko ta tashi ba shi da wata, don ta garinsu ce.

A irin wannan gida aka haifi Bradley ranar 17 ga Mayun 2011. Yana da wata 18 likitoci suka gano yana da wani nau'in ciwon daji da ake kira niyurobilastoma. Bari in ɗan tsaya a kan ciwon, don shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Lokacin da jariri yake ciki, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne su girma su zama jijiyoyi. Wani lokaci wasu daga cikinsu sai su ƙi nuna, su tsaya a ɗanyensu suna ta hayayyafa ba tsari har su zama ƙari. Yawanci ƙarin yana farawa ne a wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda, wadda ke fitar da sinadarin nan da ke sa gabanka ya faɗi in ka tsorata. Daga nan yana iya bazuwa zuwa ƙashi da ɓargo da hanta. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi kamawa, kuma a Birtaniya yara kusan 100 ake samu da shi duk shekara. Muguntarsa ita ce alamunsa irin na yau da kullum ne: kumburin ciki, kasala, ƙin cin abinci, ciwon ƙafa, yaro ya riƙa ɗingishi. Kafin a farga sau da yawa ya riga ya yi nisa. Wanda ya yi tsanani, ko da an yi duk maganin da ake da shi, kusan rabin yaran ne ke tsira. Idan kuwa ya lafa ya sake dawowa, kaɗan ne ƙwarai suke haye shi.

Bradley ya sha tiyata, ya sha kemo, ya yi kusan shekara biyu yana fama, har aka ce ciwon ya lafa. Ya samu ɗan lokaci ya yi rayuwa irin ta sauran yara. Sai a watan Yulin 2016 aka ce ya dawo.

Abin da ya rage wa iyayensa a lokacin shi ne wani magani da ake yi a Amurka. Yadda yake aiki yana da ban sha'awa. A jikin ƙwayoyin wannan ciwon akwai wata alama da masana ke kira GD2. Sai a ɗura wa yaro wani sinadari da zai je ya manne a kan alamar, kamar ka shafa wa ɓarawo shuni a cikin kasuwa, sai garkuwar jiki ta gane shi ta far masa. Magani ne mai zafi, don jijiyoyi masu lafiya ma suna da irin alamar. Ga shi kuma da tsada. Kuɗin da aka ce a tara fam 700,000 ne. Ka tuna fa a Birtaniya asibitin gwamnati kyauta ne, amma abin da tsarin nasu bai amince ya biya ba, ko wanda sai an fita waje, aljihunka ne. Gidan talaka a ƙauyen da mahaƙarsa ta rufe shekara 35 da suka wuce, ina zai samo wannan?

A nan ƙwallo ta shigo.

Kun san yaran nan da ke riƙe hannun 'yan wasa su rako su cikin fili kafin a take wasa? Mu kira su 'yan rakiya. Ranar Litinin 12 ga Satumban 2016, Sunderland ta karɓi baƙuncin Everton, aka sa Bradley cikin 'yan rakiya. Defoe ya sha ba da labarin haɗuwarsu ta farko a ɗakin sauya kaya. Sauran yara kan shigo ne a ɗarare, suna sunkuyar da kai. Wannan kuwa da gudu ya shigo yana tambayar ina Jermain, yana ganinsa ya haye cinyarsa kamar sun shekara da sanin juna. Da aka fara wasa, agogo na nuna minti na 5, filin gaba ɗaya ya ɗauki tafi ana rera sunan yaron, har da magoya bayan Everton da suka yi tattaki daga Liverpool. A cikin fili kam Everton ba ta yi sassauci ba, Lukaku ya zura uku rigis cikin minti 11, aka tashi 3-0. Amma bayan an tashi sai Everton ta sanar da cewa ta ba da fam 200,000, kuma da wannan ne kuɗin ya cika.

Me ya sa minti na 5? Saboda shekarunsa 5 a lokacin. Wannan wata al'ada ce ta filayen Ingila da ya kamata mu fahimta, don ita ce babbar hanyar da 'yan kallo ke girmama nasu. A da, in wani ya rasu, shiru na minti ɗaya ake yi kafin wasa, kuma har yanzu ana yi. Sai dai shiru abu ne mai rauni. Mutum dubu arba'in su kame bakinsu, mashayi ɗaya ya kwarma ihu, shi ke nan, wake ɗaya ya ɓata gari. Tafi kuwa ba ya ɓatuwa, in wani ya yi ashar ma ba wanda zai ji. Daga wajejen rasuwar George Best a 2005 tafin ya fara samun gindin zama a Ingila. Daga baya 'yan kallo suka ƙara masa nasu salon: maimakon a jira hukuma ta ba da izini kafin wasa, sai su zaɓi minti a tsakiyar wasa da ya dace da mutumin, shekarunsa ko lambar rigarsa, su watsa a soshiyal midiya, lokaci na yi kowa ya miƙe. Alƙalin wasa bai busa ba, ƙungiya ba ta sa hannu ba, na 'yan kallo ne zalla. Da yawanku kun ga irinsa a gidan kallo a Afrilun 2022, lokacin da jaririn Cristiano Ronaldo ya rasu, magoya bayan Liverpool suka tafa masa a minti na 7 a Anfield, alhali United suke karawa da ita.

Su mutanen wannan yankin ma sun riga sun san abin tun kafin Bradley. Babu gabar da ta kai ta Sunderland da Newcastle zafi a arewa maso gabas, garuruwa biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 20 ba. A ranar 17 ga Yulin 2014 aka harbo jirgin saman Malesiya mai lamba MH17 a sararin samaniyar Yukiren. Cikin waɗanda suka mutu akwai magoya bayan Newcastle biyu da ke kan hanyar zuwa New Zealand don kallon wasannin share fage na ƙungiyarsu. Ku ji fa, wasan share fage, a ƙarshen duniya. Magoya bayan Sunderland suka buɗe asusu da niyyar tara fam 100 su sayi furanni, kuɗi ya haura fam 30,000. A St James' Park kuma aka shafe kakar ana tafi a minti na 17. Saboda haka da aka zo kan Bradley, 'yan Newcastle ma ba su tsaya duba launin riga ba. Taken da aka yi ta yaɗawa a lokacin ma ma'anarsa ke nan, cewa ciwon daji bai san launin rigar kowa ba.

Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk al'adar. Duk filin da ka shiga a nan gida, Sani Abacha ne a Kano, ko Muhammadu Dikko a Katsina, ko Tafawa Ɓalewa a Bauchi, akwai mutumin da kowa ya san fuskarsa: mai ganga, mai busa, dattijon da kullum wuri ɗaya yake zama. Ranar da ya rasu za a je jana'iza, a yi zaman makoki, a yi wa iyalinsa ta'aziyya, kuma a wannan fannin ba mu da abin koyo a wajen kowa. Abin da su suka ƙara shi ne filin da kansa yana shaida cewa yau kujera ɗaya babu mai ita.

Mu koma kan yaron. Kuɗi ya cika, amma ana wata ga wata. Gwaje-gwaje suka nuna ciwon yana ci gaba da yaɗuwa, kuma a watan Disambar 2016 likitoci suka gaya wa iyayensa cewa ba zai warke ba, duk abin da za a yi daga nan na ƙara masa kwanaki ne. Zuwa Amurka bai yiwu ba. Aka ce yaron yana son katin gaisuwar Kirsimeti. Katin da aka aiko ya haura 250,000, daga ƙasashe daban-daban, sai da aka nemi masu taya buɗewa.

Ranar 14 ga Disamba Chelsea ta zo Stadium of Light. Masoya Chelsea za su tuna kakar, ita ce ta Conte, wadda Victor Moses ya yi ta sukuwa a gefen dama, suka ci wasa 13 a jere. Kafin a fara wasa, lokacin ɗumama jiki, aka ajiye wa Bradley ƙwallo a wurin fenariti, golan Chelsea na biyu Asmir Begovic ya shiga raga. Yaro ya buga, ƙwallo ta shiga, fili ya kaure. Kowa ya san golan da ya kai matsayin Begovic ba zai kasa kama bugun ɗan shekara 5 ba, kuma sanin hakan ne ya sa abin ya yi daɗi. Sai mutane suka taso a Twitter cewa wannan ce ƙwallon da ta fi kowacce kyau a watan. Shirin Match of the Day na BBC ya amsa, ya raba kyautar watan Disamba tsakanin Bradley da Henrikh Mkhitaryan na United, wanda ya ci tasa da dunduniya ta baya kamar harbin kunama. Abin dariyar, a ragar Sunderland Mkhitaryan ya ci ƙwallon.

A watan Janairun 2017 Everton ta gayyace shi Goodison Park ranar wasanta da Manchester City. Lukaku ne ya ɗauko shi zuwa cikin fili, yana sanye da rigarsa ta Sunderland a gidan wasu, ba wanda ya ce ya cire. Everton ta lallasa City 4-0, kuma a wasan ne wani matashi mai suna Ademola Lookman ya shigo daga benci a karon farko ya ci ta huɗun. Wanda ya kalli wasan nan a gidan kallo ya ga Bradley, ko bai lura ba.

Sai maganar Defoe, wadda ita ce mutane suka fi riƙewa. Defoe mutumin gabashin Landan ne, ya yi West Ham da Tottenham da Portsmouth, ya je Toronto, sannan ya zo Sunderland a Janairun 2015 shekaru sun fara ja. Ba ɗan garin ba ne, ba shi da wani tsohon alhaki a kansu. Amma ya san ciwon daji, don shi ne ya ɗauke mahaifinsa a 2012, yana sansanin Ingila a gasar Turai aka kira shi ya koma gida. 'Yan wasa da yawa suna zuwa asibiti gaida yara, a ɗauki hoto, a raba riguna, a tafi, ƙungiya ce ta tsara. A watan Fabrairun 2017 Defoe ya je asibiti a Newcastle tare da wasu abokan wasansa. Da lokacin tafiya ya yi yaron ya ƙi sakinsa, sai ya hau gadon ya kwanta, Bradley ya rungume shi har barci ya kwashe shi. Wannan hoton ya zaga duniya. Abin da ya bambanta shi da sauran irinsa shi ne Defoe ya ci gaba da komawa, asibiti da gida, har bikin cikarsa shekara 6. Zumunta a ƙafa take, kuma shi ya taka.

Ranar 26 ga Maris Ingila ta kara da Lituweniya a Wembley. An sake kiran Defoe tawagar ƙasa yana da shekara 34, bayan rabonsa da ita tun 2013. A ƙa'ida kyaftin ne ke shiga gaba, kuma Joe Hart ne kyaftin a ranar. Sai ya ja da baya ya ce Defoe da Bradley su wuce. Ƙarar filin ta yi wa yaron yawa har ya toshe kunnuwansa da hannu, ya juya ya ƙanƙame Defoe. Aka take wasa, Defoe ya ci ƙwallon farko, aka tashi 2-0. Wata biyu bai cika ba kuma masu shirya babbar tseren dawakin Grand National, wadda dawaki 40 ke shiga a lokacin, suka ƙara layi na 41 a takardar tsere suka rubuta sunansa.

Duk wannan fa yana faruwa ne a kakar da Sunderland ta zama abin tausayi. A ƙarƙashin David Moyes wasa 6 kacal ta ci cikin 38, ta ƙare a ƙarshen teburi da maki 24. Ƙwallo 29 ta zura duk kakar, 15 daga ciki Defoe ne. Ranar 29 ga Afrilu Bournemouth ta zo har gida ta ci ta 1-0, ta tabbata ta faɗi daga Firimiya bayan shekara 10. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa garin ya riƙe yaron haka. Mutane na biyan kuɗin tikiti daga ɗan abin da suke samu, suna kallon masu ɗaukar dubban fam a mako suna yawo a fili kamar an tilasta musu. Ga kuma wani ɗan mitsitsi da ƙafarsa ke ciwo, wanda in an ce masa zai je filin nan farin ciki kamar ya tashi sama. A wasansu na ƙarshe a gida, da Swansea ranar 13 ga Mayu, bai iya takawa sosai ba, Defoe ne ya ɗauko shi. An ci su 2-0 a ranar, amma ba sakamakon ake tunawa ba.

Kakar na ƙarewa Defoe ya koma Bournemouth, can kudancin ƙasar. Kwanaki kaɗan kafin rasuwar ya dawo arewa ya je gidan ya kwanta kusa da yaron. Ranar 6 ga Yuli, a taronsa na farko da 'yan jarida a sabuwar ƙungiyarsa, aka tambaye shi labarin Bradley, ya fara magana kuka ya ƙwace masa. Washegari yaron ya cika a hannun iyayensa.

An yi jana'izarsa ranar 14 ga Yuli a cocin Katolika na ƙauyensu. Iyalin sun roƙi kowa ya zo da rigar ƙwallo, ta kowace ƙungiya ce. Dubban mutane suka jeru a bakin titi, ja da fari na Sunderland, shuɗin Everton, har da baƙi da fari na Newcastle, a ƙauyen da a ranar da ba ta wannan ba sai ka yi tunani biyu kafin ka sa ta. Defoe ya baro sansanin horo a Sifaniya ya zo cikin rigar Ingila mai sunan yaron da lamba 6 a baya.

Akwai tambayar da ba a cika son yi ba, amma ni zan yi ta. Mun ce yara kusan 100 ke kamuwa da wannan ciwon duk shekara a Birtaniya. Sauran 99 ɗin fa? Su ba su haɗu da Defoe ba, kyamara ba ta hasko su a daren Litinin ba, babu ƙungiyar da ta ba su fam 200,000. Gaskiya ce mai ɗaci cewa tausayin jama'a yana bin fuskar da ya gani, kuma Bradley yana da murmushin da kyamara ke so. Wanda ya ce akwai rashin adalci a nan bai yi ƙarya ba. Ni dai inda nake auna irin wannan shi ne abin da aka yi da kuɗin da sunan bayan an share hawaye. A watan Agustan 2017, wata guda da binne ɗanta, mahaifiyarsa ta kafa gidauniya da sunansa, aka zuba kuɗin da aka tara domin maganinsa a ciki. Aikinta shi ne taimaka wa iyalai su tara kuɗin magani ko kayan jinyar da asibitin gwamnati ba ya bayarwa, kuma ba ga masu ciwon daji kaɗai ba. Tana sa kuɗi a bincike kan ciwon dajin yara, ta kuma ɗauki aikin gina gidan hutu a garin Scarborough na bakin teku, inda iyalin yaro mara lafiya za su je su ɗan sarara. Wato matar ta ɗauki abin da ta koya da tsada, yadda ake sa duniya ta waiwayi ɗanka, tana koya wa iyayen da ba su da Defoe. A Yulin 2018 kuma hukumar da ke tantance magunguna ta amince asibitocin gwamnati a Ingila su riƙa ba da wani magani na rukunin nan mai manne wa GD2, mai suna dinutuximab beta, ga yaran da ciwonsu ya yi tsanani. Ƙungiyoyi da iyaye da yawa ne suka yi wannan fafutukar, ba gida ɗaya ba, amma a lokacin sunan ciwon ya riga ya shiga bakin mutanen da shekara biyu baya ba su taɓa jin sa ba.

Ita kuwa Sunderland ƙasa ta ci gaba da yi. A 2018 ta sake faɗawa rukuni na uku, ta yi kaka huɗu a can. Wanda ya kalli shirin Netflix da aka yi a kansu ya ga yadda abin ya kasance. Amma washegarin Kirsimetin 2018, a wasan rukuni na uku da Bradford, mutum sama da 46,000 ne suka shiga filin. Mutanen da ke cika fili haka don ƙungiyar da ke rukuni na uku, ba su ne za su manta da yaronsu ba.

An gwada su kuwa. Ranar 29 ga Satumban 2023 Sunderland ta je Hillsborough ta ci Sheffield Wednesday 3-0. A cikin 'yan kallon gida wani mutum ya buɗe hoton Bradley a wayarsa, ya ɗaga wa baƙi yana dariya. Akwai wannan mummunar ɗabi'a a filayen Ingila, ta tsokanar abokan hamayya da mutuwar nasu, ana yi wa Liverpool da waɗanda suka mutu a turmutsutsun 1989 a wannan filin na Hillsborough, ana yi wa United da haɗarin jirgin Munich na 1958. Wani ya ɗauki hoton mutumin, kafin gari ya waye ya zaga ko'ina. 'Yan sanda suka kama shi, ya amsa laifinsa a kotu, ya rasa aikinsa. Aka yanke masa ɗaurin mako 12 da aka jingine, da aikin al'umma na awa 200, aka kuma haramta masa shiga filin ƙwallo na shekara 5. Su kuma magoya bayan Sheffield Wednesday, da kunya ta kama su a kan abin da nasu ya yi, suka buɗe asusu suka tara wa gidauniyar sama da fam 20,000, aka ce a sa a ginin gidan hutun nan na Scarborough.

Ranar 24 ga Mayun 2025 Sunderland ta koma Wembley, filin da yaron ya toshe kunnuwansa, ta doke Sheffield United 2-1 da ƙwallon da Tom Watson ya ci ana dab da tashi, ta dawo Firimiya bayan shekara 8. Da yana raye, mako guda ke nan da cikarsa shekara 14.

Nan za mu dasa aya a wannan makon. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.